Motar da Za Ta Ɗauki Babur ɗin Yaya

Aibi ɗaya nake amsawa a gaban jama'a, sauran sai an kama ni: ina cewa "jibi". Tela ne ni, shekara talatin da 'yan kai ina taka keke, kuma a sana'armu jibi ba rana ba ce, dabara ce ta sallamar mutum ya tafi da fara'arsa. Duk wanda ya taɓa kawo mini yadi ya san haka, sai ya ƙara mako biyu a zuciyarsa ya yi gaba. Wanda bai sani ba shi ne yayana, don shi bai taɓa ba ni ɗinki ba. Ya ce ya fi so zumuncinmu ya ɗore.

Yaya ya girme ni da shekara tara, har yau kuma Auta yake kirana, ga furfura ta cinye mini gemu. Makaniken janareto ne kafin ya ajiye aiki. Abin da ya fi ƙauna a duniya, in ka cire 'yarsa, shi ne wani babur na hawan duwatsu: dogo, siriri, tayoyinsa da ƙuraje kamar gadon bayan kada. Ba fitila, ba madubi, ba lamba, saboda haka doka ba ta yarda ya taka kwalta ba, sai dai a ɗauke shi a mota. Shekara ashirin, duk Asabar, wani amininsa mai akori-kura ke kwasarsu da baburansu zuwa tsaunukan bayan gari, tafiyar awa ɗaya da rabi, inda titi ya ƙare turba ta fara. Aminin ya rasu, magada suka sayar da motar. Bara kuma hawan jini ya kayar da Yaya a bakin famfo. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma da sanda, ƙafar hagu tana biyo shi daga baya kamar mai jin kunya.

'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani birni mai nisa. Ta bugo waya ta yanke hukunci: nan da mako shida za ta zo ta ɗauke shi ya koma wurinta, bene hawa na huɗu. Babur ba ya cikin lissafi.

Washegari na same shi a gareji, zaune kan jarka, ya yaye zanin gadon da yake lulluɓe babur ɗin da shi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Sau ɗaya nake so. Ka kai ni da shi bakin turba, in zagaya tsaunin farko in dawo. Daga nan ta zo ta rufe ni a sama kamar tantabara, ba zan ce uffan ba."

"Wannan ai ba abin damuwa ba ne," na ce. "Jibi-jibin nan."

Ya gyaɗa kai, ya yarda. A nan na fara jin tsoro.

Motata ƙarama ce, irin wadda in ka sa buhu biyu a but sai ta ɗaga hanci sama tana neman agaji. Na fara da neman ta haya. Direba na farko ya ce shi motarsa ba ta sauka daga kwalta. Na biyu ya zo har ƙofar gida, ya dubi babur, ya dubi sandar Yaya, ya sake duban babur.

"Wa zai hau?"

"Ni," in ji Yaya.

"Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma ba da ni za a haɗa baki ba." Ya ja motarsa.

To, sai dai tamu ta kanmu. Uwargida dama ta daɗe tana mita a canza wannan 'yar ƙurƙurar, sai na ga jifa ɗaya zai kashe tsuntsu biyu. Ban yi tunanin ni ne ɗaya daga cikin tsuntsayen ba.

Maƙwabcina mai walda ya ce kada in wahalar da kaina, ya ara mini 'yar tirela mai taya biyu, ya liƙa wa motata ƙugiya a baya. Asabar ta farko muka je filin bayan kasuwa in koyi ribas, don a bakin turba dole sai an juyo. Yaya ya zauna kan dakali yana ba da umarni da sanda.

"Dama! Damarka, ba tawa ba!"

Na murɗa dama, tirela ta yi hagu. Na murɗa hagu, ta naɗo ta zo ta leƙo ni ta taga. Awa biyu muna haka, masu faci suka bar aikinsu suka jeru suna kallo kyauta. Da na fasa fitilar baya da kaina, da abin da nake ja da kaina, Yaya ya sauke sanda.

"Bari, Auta. Allah bai raba maka baya ba. Gaban ma da lallami."

Sai na koma ga abin da na sani, wato awo. Ni ban yarda da komai ba sai na ɗora masa tef. Na shiga gareji na auna babur ɗin nan kamar ango: daga goshin tayar gaba zuwa ƙarshen ta baya, daga ƙasa zuwa kai, daga sirdi zuwa salansa. Na roƙi kwalin firji a shagon kusa da nawa, na shimfiɗa shi kan teburin yanka, na zana da alli, na bi da babban almakashi. Kafin la'asar ga babur na kwali, ba ragi ba ƙari. Da yake bai shiga motata a miƙe ba, na ninka shi gida uku.

Uwargida ta gan ni ina shigowa da shi a hammata.

"Malam, wa ya kawo ɗinkin jaki?"

Na yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba ba, sannan ta ce, "Yarinyar nan ta sani?"

"Wace yarinya?"

"To. Ba ta sani ba ke nan." Ta koma kicin.

Asabar ta biyu ta tafi a ɗinkin wasu 'yan biki da suka zo suka zauna mini a shago, suka rantse ba za su tashi ba sai da kayansu. Ta uku muka je filin sayar da motoci, ni da Yaya da kwali. Dillalin wurin ana ce masa Lafiya-Lau, don duk abin da ka tambaya game da mota amsarsa ke nan. An ce an taɓa tambayarsa injin wata mota da aka riga aka cire wa inji, ya ce lafiya lau, yana can a ajiye.

"Yallaɓai, kai da ganinka akori-kura ce ta dace da kai," ya ce mini, yana dukan gefen wata ja. "Dubi ƙirji. Wannan ko dutse ta gani sai ta gaishe shi ta wuce."

Bayanta ya kawo mini iya ƙirji. Yaya ya je ƙofar gaba, ya ɗaga ƙafar dama ya ɗora kan matakala, ya jira ta hagu ta biyo. Ba ta biyo ba. Ya sauko da ta daman a hankali, kamar dama gwadawa kawai yake yi.

"Wa zai tura babur can sama?" ya ce. "Ni mai ƙafa ɗaya da rabi, ko kai mai ƙugun aro?"

"Ai da katako mai tsawo, lafiya lau," in ji dillali.

"Kai za ka biyo mu da katakon?"

Muka wuce wata doguwa wadda ƙasanta ya ruɓe har kana hango ciyawa, da wata mai kyau wadda ba ta tashi sai an roƙe ta. Can muka iske wata rufaffiyar farar mota da aka yi rabon burodi da ita, har yanzu ƙanshin bai fita ba. Ƙasanta a kusa, kujerar gaba daidai Yaya. Na buɗe kwalina na shiga da shi. Ya ɗan tokare a baya, sai na karkata shi kaɗan, na lanƙwasa wutsiyar daidai inda ninkin yake, kamar yadda hannu ya saba lallaɓa yadi in ya gaza. Na rufe ƙofa. Ƙaras.

"Ya shiga!" na ce.

"Ba na faɗa ba?" in ji Lafiya-Lau, wanda bai faɗi komai ba.

Ya yarda mu tafi da ita gwaji na yini ɗaya, ya riƙe tawa. A ƙofar gidan Yaya mai walda ya kawo katako, mai wanki na tsallaken titi ya zo ya kama, muka tura babur sama da salati. Kai ya shiga, ciki ya shiga. Tayar baya ta tsaya a waje, tafin hannu guda cur, tana kallon unguwa. Muka karkata shi, ƙahonnin sitiyarinsa suka tokare bango, abin da kwali ba shi da shi sam. Muka sace iskar taya. Muka jijjiga. Na tsaya ina kallon tafin hannun nan, hannuna yana lalube aljihu yana neman almakashi.

"Sai ka kama shi a ƙugu, Auta," in ji Yaya daga kan jarkarsa. "Ko ka rage masa ƙafa. Ai an ce dogo ya daina tashe."

Mai wanki ya yi dariya har ya saki katako.

"A cire tayar gaba mana," in ji mai walda. "Minti goma ne."

"In an cire a nan, wa zai mayar a can?" Yaya ya ce. Mai walda ya dube ni, ya dubi hannuwana masu laushi kamar na jariri, ya girgiza kai.

Muka sauko da shi. Na mayar da motar burodi, na karɓo tawa, na jefa kwali a bayan shago. Mako uku sun tafi, abin da na samu shi ne ilmin cewa ƙarfe ba ya jin lallami.

A makon nan 'yar Yaya ta kira ni.

"Baba Auta, me kuke ƙullawa kai da Baba? Kullum na kira sai in ji shi da fara'a. Ban gane ba."

"Fara'a kuma laifi ce, 'yata?"

"A wurin Baba, alama ce. Ka dai kula mini da shi. Kada ya ɗaga abu mai nauyi, kada ya daɗe a rana."

Na ce in sha Allahu. Na ajiye waya ina jin kaina kamar ɓarawon da aka ba ajiyar makulli.

Asabar ta huɗu muka koma wurin Lafiya-Lau, wannan karon da tef na ƙarfe da na aro wurin mai walda, wanda ba ya lanƙwasuwa don a ji daɗi. Muka auna mota bakwai. Wadda ta yi tsawo ta yi tudu, wadda ta yi ƙasa ta gajarta. Rana ta take. Dillali ya share gumi.

"Akwai wata a baya. Ban nuna muku ba ne saboda... amma lafiya lau take."

Tana can ƙarƙashin bishiya, ganye ya rufe gilashinta. Fara ce, doguwa, an kankare rubutun jikinta amma inuwarsa tana nan, ga fitilar nan a kan rufi. Tsohuwar motar asibiti. Ya buɗe baya. Ƙasanta bai kai gwiwata ba. Akwai faifan ƙarfe da ke ninkewa ya sauko har ƙasa, wanda ake turo gadon mara lafiya a kai. A daɓen akwai zobba huɗu na ɗaure gado, daidai inda mutum zai so ɗaure babur. Na ja tef: tsawo ya isa har da rarar tafin hannu biyu, faɗi ya isa, tsayi ya isa. A shekara talatin ban taɓa yin awon da ya zauna haka ba.

Na juyo ina washe baki. Yaya bai matso ba. Yana tsaye nesa, ya dogara da sanda, yana kallon cikin rufin.

"Na shiga irinta sau ɗaya," ya ce. "A kwance. Na san rufin nan sarai. Ƙusoshi goma sha shida ne."

"Yaya, a gaba za ka zauna."

"Mu tafi gida."

"Yallaɓai, ai duk wanda ya shiga wannan lafiya lau ya fita," in ji dillali.

"Duka?" Yaya ya ce.

Karo na farko da na ga bakin mutumin nan ya mutu.

Muka kama hanyar gida. Me zan ce? Mota ɗaya ce a garin nan da ta dace da babur ɗinsa da ƙafarsa da ƙuguna, ita ce kuma wadda ba zan iya roƙonsa ya shiga ba. Asabar ta biyar ta zo ta wuce. Na je gaishe shi na tarar ya mayar wa babur zanin gadonsa, an fara haɗa masa kaya a kwalaye. Muka yi hirar tsadar man fetur da ciwon gwiwa. Na dawo shago na ɗinka hannun riga a wuya, sai da na farke.

Ran Alhamis da hantsi waya ta yi ƙara.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Gaban nata, tagar tana sauka?"

"Tana sauka."

"To." Ya kashe.

Kafin azahar na ba Lafiya-Lau motata na karɓo ta asibiti. Ban ko gama fakin a ƙofar gida ba unguwa ta taru. Wata maƙwabciya ta tsallako titi ba takalmi tana salati. Wani dattijo da muka shekara ba ma magana saboda wata rigarsa ya kama hannuna ya ce in yi haƙuri, duk mai rai mamaci ne. Uwargida ta fito da ludayi a hannu, ta ga taro, ta ga mota, ta gan ni ina saukowa daga mazaunin direba da ƙafafuna.

"Wa ye ba lafiya?"

"Ba kowa. Tamu ce."

Ta zagaya ta sau ɗaya, a hankali, ta leƙa baya.

"Malam, cewa na yi ka canza mota. Ban ce ka canza sana'a ba. A wannan zan je gidan suna?"

"Ai za a riƙa ba ki hanya."

"Za a riƙa yi mini addu'a dai."

Ta shige ciki. Amma ran Asabar da sassafe na tarar ta ajiye mana ruwa a gora biyu da matashin kai na jingina, ba ta ce na wane ne ba.

Asabar ɗin nan ita ce ta ƙarshe. 'Yar Yaya za ta iso Lahadi. Babur ya hau faifan ƙarfen nan kamar dama gidansu ne. Mai walda ya ɗaure shi a zobba huɗu, ya girgiza, ko motsi. Yaya ya fito cikin tsohuwar rigarsa ta fata da dogayen takalma, hular kwano a rataye a wuyan sanda. Bai kalli bayan motar ba. Ya zagaya ta gaba ya shiga, ya sauke taga har ƙasa.

A titi motoci suka riƙa darewa suna ba mu hanya. Ni da ko a layin famfo ba a taɓa matsa mini ba, sai ga manyan motoci suna raɓewa gefe. Yaya ya fito da gwiwar hannu ta taga, iska tana kaɗa masa gemu.

"Jiniyar tana aiki?"

"An cire."

"Kash."

Da muka bar gari bakinsa ya buɗe. Ya nuna mini inda suka taɓa yin faci a cikin ruwan sama, da kwanar da amininsa ya taɓa zubar da babura uku a rami. Ya ba ni labarin tsaunin farko dutse bayan dutse: inda ake sauka giya ta ɗaya, inda ake miƙewa tsaye kan takalmi, inda in ka kalli rami to ramin za ka. Rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka tun kafin ya faɗi. Kwalta ta ƙare, muka shiga tsakuwa, motar tana kukan tsufa amma tana tafiya. Can sai ga fili, ga turba ja siririya ta miƙe ta hau tsauni ta ɓace a bayan duwatsu. Ba kowa a wurin sai iska.

Saukowa da babur ya kusa tafiya da ni, amma muka sauka tare, kowa a tsaye. Na jingina shi da ƙuguna na riƙe. Yaya ya sa hular kwano, na ɗaure masa igiyar. Ya ba ni sanda na jefar. Na tallafi ƙafarsa na tsallakar da ita, ya zauna a sirdi, sai na ga bayansa ya miƙe, kafaɗunsa sun buɗe, ya koma mutumin da nake tsoro ina yaro.

Ya buga kik da ƙafar dama. Shiru. Ya sake. A na huɗu injin ya kama da wata irin ƙara da ta doki tsauni ta dawo, tsuntsaye suka tashi. Ya murɗa totur sau biyu, na ji yana dariya a cikin hula.

"Riƙe da kyau, Auta! In na ce saki, ka saki!"

"Na riƙe!"

Ya ɗora hannun hagu kan kuloci, wanda sai an matse shi giya take shiga. Yatsu biyu suka motsa. Sauran suka kwanta a kan ƙarfen. Ya sake gwadawa, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya saki totur, ya kawo hannun dama ya nannaɗe yatsun hagun ɗaya bayan ɗaya a kan kuloci, ya matse su, ya mayar da hannun dama wurinsa. Kafin ya kai, yatsun sun buɗe da kansu, a hankali.

Sau uku ya yi haka. Injin yana ta bugawa a ƙarƙashinsa, ni ina riƙe da sirdi, hayaƙi yana shiga mini ido. Na ɗauka zai yi faɗa, da ya yi da na ji sauƙi. Sai kawai ya kai hannu ya kashe.

"Sauke ni."

Na sauke shi, na ɗauko masa sanda. Muka zauna a bakin ƙofar baya ta motar asibiti, ƙafafunmu a kan faifan ƙarfe, ya cire hula ya ɗora a cinya. Na miƙa masa gora ya sha. Babur yana tsaye a gabanmu, injin yana ƙas-ƙas yana hucewa, tanki cike, hancinsa yana kallon turba.

"Mota dai ta yi," in ji Yaya. "Ka iya zaɓe."

"Ta yi."

Ya daɗe yana kallon tsaunin.

"Da ma a ce wani ya zagaya da shi," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Ko ƙarar ce in ji daga nan."

Mu biyu ne kaɗai a wurin, ni kuwa ban iya babur ba.